Malamar da ta ce a bar mata ƙananan

Kafin mai gadi ya gama kokawa da kwaɗon ƙofar makaranta, ita ta riga ta iso. Takan tsaya da jakarta a kafaɗa tana jira, shi kuma yana laluben mukulli yana mita, wai tunda yake bai taɓa ganin mai ɗokin zuwa aiki irinta ba. Ba ta biyawa ta ofishin malamai, inda mu sauran muke taruwa mu buɗe ranar da gulmar hedimasta. Ajinta take wucewa kai tsaye. Ta buɗe tagogi, ta zauna a kan ɗaya daga cikin 'yan kujerun yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta jawo gwangwanin fensira ta hau fiƙe su ɗaya bayan ɗaya. In ta gama sai ta wanke hannu, ta yi ta murza tafukanta har su ɗau ɗumi. Na taɓa tambayarta amfanin wannan murze-murzen, ta ce yaro ba ya sakin jiki da hannu mai sanyi.

Malamar aji ɗaya ke nan ta makarantarmu ta firamare, wadda ta ajiye aiki a makon jiya bayan ta tsufa a cikinsa. Yara da iyayensu suna kiranta Inna Malama, ni kuwa Yaya nake ce mata, ko da yake ba mu haɗa komai ba sai bango. Ni ce malamar aji biyu. Bangon da ya raba ajina da nata bai kai rufi ba, magina sun bar wani giɓi a sama da har yau ba wanda ya san dalilinsa. Saboda haka shekara da shekaru duk abin da ta faɗa a kunnena yake, ita ma duk tsawar da na daka wa yara tana ji. In na cika faɗa sai in ji ta yi gyaran murya daga can, ni kuma in sassauta.

Ba ta da wata dabara ta a-zo-a-gani. Ba ta cika rubutu a allo ba, kuma muryar waƙa Allah bai ba ta ba. Abin da take yi shi ne ta zagaya bayan yaro, ta sunkuya, ta ɗora hannunta a kan nasa, ta ja shi a hankali har harafi ya fito, tana faɗin sautinsa kusa da kunnensa. Ta sake, ta kuma sakewa. Wata rana sai ta sassauta riƙon ba tare da yaron ya lura ba, hannunta yana bin nasa daga sama kawai, gogan naka yana ta rubutu yana zaton ita ce. Sai ta ɗaga hannayenta biyu ta ce, "To wa ya rubuta wannan? Ni dai ga hannuna." Haka take bin aji guda, yaro bayan yaro, bayanta a tanƙware. Duk shekara nakan karɓi yaranta suna karanta gajerun kalmomi, in ɗora daga nan, a ƙarshen shekara a yaba mini, in karɓe yabon abina.

Da wannan kaɗai ne, da na yi mata irin jinjinar da aka saba yi wa mai ajiye aiki, layi biyar da addu'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wani kuskure ne da ta yi a gaban jama'a, da kuma yadda ta zauna da shi bayan nan.

Shekarar da annobar korona ta shigo aka rufe makarantu, kamar yadda kowa ya sani. Yaran da ke hannunta a lokacin ba su daɗe da shiga aji ɗaya ba, wasunsu ko riƙon fensir ba su gama iyawa ba. Aka yi watanni a gida. Da hukuma ta ce a buɗe, sai ta haɗo da sharuɗɗa. Kowa ya sa takunkumin fuska, a ba da tazara tsakanin kujeru, kada ɗaki ya ɗauki fiye da rabin yaransa a lokaci guda, kuma kada malami ya taɓa yaro. Yadda za a yi da 'yan ɗakunan da muke da su kuwa, aka ce kowace makaranta ta zauna da iyaye ta san inda za ta ɓullo.

Aka kira taron iyaye da malamai a tsakar makaranta, an jera kujeru nesa da juna kamar na masu gaba. Tun kafin hedimasta ya gama gaisuwa wani uba mai walda ya miƙe, takunkuminsa a haɓa.

"Malamai, ku dubi Allah," ya ce. "Kasuwa a buɗe, tashar mota a buɗe. Makaranta kaɗai cutar nan ta san hanyarta? Ku buɗe gaba ɗaya kawai. Yaran nan sun kusa kwance mini rufin ɗaki."

Aka yi dariya, amma wata uwa mai aikin jinya ba ta yi ba. Daga asibiti ta taho, idanunta jajir.

"Malam, da ka ga abin da na baro yanzu da ba ka faɗi haka ba," ta ce. "Yaron ba lalle ya kwanta ba, amma shi zai kai wa kakarsa har ɗaki. Gyara takunkuminka tukuna."

Ya ja shi sama ya zauna yana ƙunƙuni. Malamin aji shida, wanda ke fama da ciwon suga, ya ce su ma malamai suna da iyali, kuma ba da ƙarfe aka ƙera su ba. Wani ya kawo shawarar a ci gaba da tura darasi ta waya. Wata tela ta ce waya ɗaya ce a gidansu, kuma da ita maigidan yake fita tun safe, sai dai in yaran za su bi shi wurin aiki. A ƙarshe aka tsaya a kan karatun rabi da rabi, wasu su zo yau wasu gobe. Nan ma sai ga wata sabuwa. 'Yan aji shida jarrabawar fita na gabansu, iyayensu suka ce atafau 'ya'yansu kullum za su zo. In kuwa kullum za su zo, kuma an raba su biyu, sai an ƙara musu ɗaki. Ɗakin kuma babu, sai dai wani aji ya haƙura ya zauna a gida.

Nan taro ya rikice. Kowa ya yarda wani aji ya haƙura, in dai ba na ɗansa ba ne. Rana ta take, muryoyi suka hau sama, hedimasta yana buga tebur ba mai saurarensa. Ban ga laifin kowa ba a ranar, har yau ma ban gani ba. Tsoro ne ya cika wurin, masu tsoron cuta da masu tsoron 'ya'yansu su lalace a gida, kuma kowanne da gaskiyarsa.

Sai Yaya ta miƙe daga kusa da ni. Ba mai yawan magana a taro ba ce, shi ya sa kowa ya juyo gare ta.

"Iyaye, ku yi haƙuri in ce wani abu," ta ce. "Ku ɗauki ɗakina. Ni da hannu nake aikina, kuma an ce kada a taɓa yaro. In na tsaya daga nesa da baki a rufe ina nuna musu allo, wahalar da su kawai zan yi. Ku bar ƙananan a gida tukuna. In abin nan ya lafa ku kawo mini su, 'yan watanni sun ishe ni in kamo su. Ku bar mini su, ni na ɗauki wannan."

Na ja bakin mayafinta na ce a hankali, "Yaya, kin tabbata?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ƙanwata, yau na fara?"

Aka yi tafi. Mai walda, wanda ɗansa ma ɗan aji ɗaya ne, ya ce shi ke nan, Inna Malama ta raba gardama. Da yawa daga iyayen da ke zaune a wurin ita ta kama hannunsu suna yara, in ta ce za ta iya ba su da dalilin musu. Kowa ya watse da sanyin rai, ni ma haka.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu, mu da muka daɗe a aikin, shi ne makaranta ba ta jiran kowa. Cutar ta lafa ta sake tasowa, aka rufe, aka sake buɗewa rabi da rabi, ɗakinta yana hannun 'yan aji shida. Kafin a ankara shekarar karatu ta ƙare. Sai umarni ya zo daga sama cewa kowane yaro ya wuce aji na gaba, ba maimaici, don ga sababbin 'yan aji ɗaya suna jiran kujeru. Yaya ta shiga ofis ta roƙi a bar mata nata ko da zango ɗaya ne. Hedimasta ya buɗe hannu ya ce ba daga shi ba ne. Haka aka cika mata ɗaki da sababbi, waɗanda ta yi wa alkawari kuma aka turo su ajina.

Ba zan manta makon farko ba. Na rubuta gajeriyar jimla a allo na ce su kwafa. Wani ya damƙi fensir kamar mai riƙe da wuƙa, wata ta juya littafinta kai ƙasa ba ta sani ba, wani ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka. Manhajar aji biyu kuwa ta ɗauka sun iya karatu. Raina ya ɓaci na hau faɗa, ina jiran in ji gyaran murya daga bayan bango. Ban ji ba. Sai hayaniyar sababbin yaranta kawai, alamar ta tsaya tana saurarenmu.

Da aka tashi ta shigo ajina ta zauna.

"Na ji komai," ta ce.

"Yaya, ba laifinki ba ne. Annoba ce, ko'ina haka abin yake."

"Annoba ba ta miƙe a taro ta ce a bar mata su ba. Ni na miƙe." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Da na yi shiru an ci gaba da gardamar, da ko yini ɗaya a mako sun samu. Na yarda da hannuna fiye da kima, ƙanwata."

Ba wanda ya tuhume ta, ko a bayan ido. Iyaye sun ɗora wa cuta, malamai mun ɗora wa hukuma, ƙofar zamewa a buɗe take wangale, kuma da ta bi ta ba mai cewa uffan. Yaya, a nan jinjinata ta fara. Ke ce kika ƙi fakewa da annoba a lokacin da kowa yake fakewa da ita. Ke ce kika riƙe maganar da kika faɗa, bayan duk waɗanda suka yi miki tafi sun manta an yi ta. Na yi aiki da malamai masu ƙwazo da yawa, amma wadda za ta ce ni na yi kuma ni zan gyara, ke kaɗai na gani.

Har a lokacin dokar hana taɓa yaro tana nan. Sai ta ce ai ba a hana uwa taɓa ɗanta ba. Bayan an tashi daga makaranta takan sa a fito da tebura ƙarƙashin rumfa, ta aika a kira iyaye, kowa ya tsaya bayan ɗansa, ita kuma tana daga nesa tana ba da umarni. Mai sharar makarantarmu, wadda ta ga abin da idonta tana jingine da tsintsiya, ta ce ba ta taɓa shan dariya irin ta kwanakin nan ba. Mai walda ya zo da hannunsa mai kama da faranti, ya rufe na ɗansa gaba ɗaya, ja ɗaya fensir ya karye.

"Malam, hannun yaro ne fa, ba rodi ba," in ji Yaya. "Sassauta."

"Inna Malama, wallahi iyakar sassautawata ke nan."

"To ka ɗauka ƙwai ne a tafinka."

Ya karya na biyu, ya karya na uku, a na huɗu harafi ya fito, ya tsaya yana kallonsa kamar ya ƙera ƙofa. Akwai kuma wata kaka da ke riƙon jikanta, ta ce ita da ba ta taɓa riƙe fensir ba me za ta nuna masa. Yaya ta ce ta riƙa zuwa kafin yaron. Haka tsohuwar nan take koyon harafi yau ta ja hannun jikanta a kansa gobe, tana gabansa da yini ɗaya tal, kuma har suka gama yaron bai gane ba.

Ba duka iyaye ne suka iya zuwa ba. Mai aikin jinya ba ta da lokacin kanta, direbobi suna hanya, wasu sun zo sau biyu sun gaji. Da aka ɗage dokar Yaya ta samu damar kama hannun yaran da kanta, sai ta tarar da wata matsalar. Sun girma. Yaron da ya fara jin kansa ba ya yarda abokansa su ga an riƙe masa hannu kamar ɗan yaye. Wani ya fizge nasa ya ce shi ba jariri ba ne. Sai ta share ɗakin da muke jibge karyayyun kujeru, ta sa tebur ɗaya, ta riƙa leƙowa aji tana cewa a ara mata wane ya taya ta aiki. Mu malamai mun san aikin, yaran ma sun sani, amma kowa ya bar shi a matsayin taya aiki.

Haka ta bi su. Suka bar ajina zuwa aji uku ta bi su, suka shiga huɗu da biyar tana biye. Da safe tana tare da sababbinta ba ta rage musu komai ba, da rana tana ɗakin karyayyun kujeru. A tsakiyar wannan aka ba ta muƙamin mataimakiyar hedimasta a wata makaranta, abin da ta cancanta tun tuni, ta ce a ba wani. Na yi mata faɗa sosai a kan wannan, har muka yi kwana biyu muna gaisuwar sama-sama. 'Yarta ta fari ta same ni a bakin ƙofa wata rana.

"Anti, don Allah ki yi wa Mama magana," ta ce. "Wuyan hannunta ya kumbura, likita ya ce ta huta. Ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa."

"Na yi mata har na gaji, 'yata. Cewa take ta kusa gamawa."

"Bara ma haka ta ce."

Yaya, na san abin da wannan ya ci miki. Ya ci miki muƙami, ya ci miki hannun dama, ya ci yammacin da ya kamata jikokinki su same ki a gida. Ina takaicin cewa mun bar ki ke kaɗai da nauyin da taro guda ya ɗora, don kawai bakinki ne ya furta.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo makaranta ba sam bayan annoba. Su ma ta bi su gida gida, ta lallashi wannan uba, ta yi wa waccan uwa magiya, har suka dawo. Yarinya ɗaya ce ta gagara samuwa, wadda ake kira Bahaguwa saboda da hagu take komai. Sun tashi daga gidan da aka sani, ba wanda ya san inda suka koma. Sai bara wata uwa ta zo ta ce ta kai kaya wani shagon wanki da guga can bayan tashar mota, ta ga yarinyar tana ninke riguna.

Ni na raka Yaya shagon ranar farko. Shagon ɗan ƙarami ne, tiriri ya cika shi, riguna a rataye har suna shafar kan mutum. Yarinyar ta yi tsawo, tana zaune tana ninki, ƙaninta yana jingine da ita. Ubanta yana guga, ya ɗago ya gane mu.

"Inna Malama, ke ce?"

"Ni ce, Malam. Sannu da aiki. Na zo neman ɗalibata."

Ya ajiye dutsen guga a hankali. "Ke kika ce a bar su a gida. Ina wurin, har tafi na yi. To na bar ta. A cikin zaman nan uwarsu ta kwanta, ita ta yi ta hidima da ita, da ta rasu kuma ita ta riƙe mini ƙaninta. Da muka dawo nan na kai ta wata makaranta, suka duba tsawonta suka sa ta aji uku. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, yara suka sa ta gaba da dariya. Ta ce in na sake kai ta za ta gudu."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ni har na buɗe baki zan ce ai ba ita ta kawo cutar ba, Yaya ta taɓa hannuna.

"Gaskiya ka faɗa, ni na ce," ta amsa. "Ban zo in raba ka da mai taimakonka ba. Gefen teburin nan kawai nake roƙo, da yamma in ka kashe dutsen guga."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya kwashe rigunan da ke gefen teburin.

Ƙananan yara bahagwai Yaya takan lallaɓa su da hannunta na dama daga gefe. Wannan kuwa ta girma, hannunta ya yi ƙarfi da matsar wanki, ba ya juyuwa sai an bi shi ta inda yake tafiya. Sai Yaya ta fara koyon rubutu da hagu, da tsufanta. A lokacin hutun tara nakan leƙa in same ta ta duƙufa, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya. Na ce mata wannan rubutu ai sai ka ce kaza ta yi tono. Ta ce in yi ta dariya, hannun dama ya gaji, lokaci ya yi da na hagu zai san shi ma a jikin yake.

Wata da watanni tana hawa motar haya zuwa shagon nan. Uban ya gaya mini da bakinsa cewa da farko yarinyar ba ta ko ɗaga kai, daga baya ta fara share teburin tun kafin yamma ta yi. Ta koyi haruffa duka. Ta fara nemo su a jikin kwalin sabulu da wuyan rigunan mutane, tana nuna wa ƙaninta. Ta fara haɗa biyu biyu, baƙi da wasali, tana jan sautin a hankali. Yaya ta dawo wata rana fuskarta a sake, ta ce mini saura ƙiris, in aka sami wata biyu yarinyar za ta karanta layi guda ita kaɗai.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Yaya kusan mako biyu. Ranar da ta samu ƙarfin fita ta nufi shagon, ta tarar an yi masa sabon fenti, wani saurayi yana jera kayan waya a ciki. Mai shagon da ke maƙwabtaka ya ce an sayar da ginin, sabon mai shi ya tashi mai wanki ba shiri, shi kuma ya loda kayansa a mota ya ce zai koma wajen danginsa. Wane gari, bai faɗa ba. Lambar wayarsa kuma ba ta shiga.

"Amma yarinyar ta bar miki saƙo," in ji maƙwabcin. "Ta ce in tsohuwar malamar nan ta zo, a gaya mata ba guduwa ta yi ba."

Yaya ta zauna a kan dakalin shagon ta yi kuka, abin da ban taɓa jin ta yi ba ko a rasuwar mijinta. Bayan nan ta zaga shagunan wanki da yawa tana tambaya, har 'yarta ta hana ta fita ita kaɗai.

A makon jiya muka yi mata ɗan taron ban kwana a tsakar makaranta. Yaran nan nata yanzu su ne 'yan aji shida, suna shirin fita. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta 'yan layuka daga littafi. Wasu sun zuba kamar ruwa, wasu suna tuntuɓe suna tashi, amma ba wanda ya tsaya. Da ɗan mai walda ya karanta nasa, uban ya ja hularsa ya rufe fuska, wai rana ce ta dame shi. Hedimasta ya yi jawabi ya ce Inna Malama ta cika alkawari. Aka miƙa mata abin magana don ta ce wani abu.

"Na gode muku," ta ce. "Amma kada a ce na cika. Saura ɗaya."

Ta zauna. Ba wanda ya san ko ya yi tafi ko ya bari.

Yaya, uwar masu fara rubutu, mun gode. Mun gode a madadin yaran da za su shiga sakandare suna karanta abin da ke gabansu, da iyayen da kika koya wa sassauta hannu, da ni da na ci albarkacin aikinki shekara da shekaru. Allah ya saka miki da alheri, ya ba hannunki lafiya. Na so a ce kin tafi hutu da zuciya wasai, kuma ina baƙin cikin cewa ba haka kika tafi ba.

Ku kuma masu karatu, malamai da iyaye, ban ce ku zama ita ba, ba kowa zai iya ba. Amma yaran shekarar annoba suna nan a ko'ina, sun yi tsawo, suna zaune a bayan aji suna ɓoye abin da ba su iya ba, wasu ma ba sa ajin. Ku dubi na kusa da ku, ku kira shi inda abokansa ba sa gani, ku zauna da shi. Idan kuma a unguwarku akwai wani mai wanki da ya sauka kwanan nan, da 'yarsa mai kimanin shekara goma sha biyu da ke komai da hagu, to ita ce. Ta san haruffa duka, ta fara haɗa biyu biyu, daga nan za ku ɗora. Ranar da ta karanta layi guda ita kaɗai, don Allah a sami wanda zai zo ya gaya wa Yaya. Abin da take jira ke nan.